Kafin Banki Ya Zaɓi Manhaja, Ya Fara Leƙa Ƙofar Wambai

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai a cikin watan Fabrairu na 2023 da wuya ya manta da abin da idonsa ya gani. Ga kaya jibge, takalma da robobi da dilolin gwanjo, ga masu saye sun zo daga nesa, amma ciniki ya tsaya cik. Tun ran 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin kuwa ba su wadata ba, aka ce wa jama'a su koma ciniki ta waya. Jama'a suka koma, waya ta ƙi. Mai saye ya tura kuɗi, an cire daga asusunsa, mai kaya bai ga komai ba, sai su biyun su zauna a kan benci suna kallon waya tun hantsi har la'asar, wannan ba shi da ikon ɗaukar kaya, wancan ba shi da ikon sayar wa wani. Ba a fara samun sauƙi ba sai bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, 2023, cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Mutane da yawa sun ɗora laifin duka a kan shirin canjin kuɗin, kuma suna da hujja. To, amma fa akwai wani laifi da ba a cika maganarsa ba, watau na manhajojin da bankuna suka zaɓa suka ɗora hada-hadarsu a kai. An gina su daidai da cinikin ranar da ba cunkoso, da cunkoso ya zo sai suka durƙushe. A daidai wannan lokaci kuwa kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda ba su da dogayen benaye ko manyan rassa, suka yi ta isar da kuɗin mutane nan take, har 'yan kasuwa da dama suka koma buɗe asusu a wurinsu. Ƙasa ɗaya ce, intanet ɗaya, wahalar wutar lantarki ɗaya. Bambancin yana cikin yadda kowa ya yi gininsa.

Ana ba da labarin cewa da Bankin BBWA ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai masa ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. A wancan zamani mai ajiya yana iya ganin ginin da ƙofar ƙarfen da za a kulle dukiyarsa a ciki. Yau kuɗin ma'aikaci ko na mai sayar da takalma rubutu ne kawai a cikin kwamfuta, don haka manhajar da ke riƙe da wannan rubutu ita ce ma'ajiyar, kuma zaɓenta magana ce da ta shafi kowa.

Abin da jama'a ke kira bankin waya hawa uku ne. A can ƙasa akwai uwar manhaja, wadda ke riƙe da littafin lissafi na kowane asusu. A tsakiya akwai hanyar da ke haɗa bankuna, wadda kamfanin NIBSS, mallakar Babban Banki da sauran bankuna, yake gudanarwa, kuma tun 2011 ya buɗe tsarin tura kuɗi nan take. A sama kuwa akwai abin da mutum ke taɓawa da hannunsa, ko manhajar babbar waya, ko shafin intanet, ko lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a ƙaramar waya. In ɗaya daga cikin ukun ya yi rauni, mai kaya a Ƙofar Wambai ba ya sanin wanne ne, shi dai ya san kuɗinsa sun maƙale.

Uwar manhaja ita ce mafi tsada, kuma yawancin manyan bankunan ƙasar nan daga waje suke sayo ta. Akwai Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, da Flexcube ta kamfanin Oracle na Amurka, da T24 ta kamfanin Temenos na Suwizalan. Da dala ake biyan kuɗin lasisinsu da na kula da su, shekara bayan shekara. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, watau kuɗin manhaja ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara mata ko harafi ɗaya ba. Banki kuwa ba ya biyan irin wannan daga aljihunsa, a kan masu ajiya yake fanshewa da kaɗan-kaɗan.

A cikin 2024 bankuna uku suka canja uwar manhajarsu kusan a jere. GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube, Sterling kuwa ya bar T24 ya koma SeaBaaS, wadda kamfanin Peerless na nan gida ya gina. Dukkansu sai da masu ajiya suka yi kwanaki suna kokawa, na gida da na waje babu wadda ta sauka lami lafiya. Duk da haka matakin Sterling ya cancanci a duba shi da idon basira, domin manhajar da aka gina a gida da naira ake biyanta, kuma in ta lalace da tsakar dare mai gyaranta yana Legas, ba sai an jira gari ya waye a wata ƙasa ba. Sai dai kishin ƙasa shi kaɗai ba ya riƙe lissafi. Wajibi ne ta gida ta sha irin jarrabawar da ta waje ke sha, har ma fiye.

Wahalar canji ba a Nijeriya kaɗai take ba. A watan Afrilu na 2018 Bankin TSB na Ingila ya kwashe asusun jama'arsa gaba ɗaya zuwa sabuwar manhaja a cikin hutun ƙarshen mako guda. Mutum wajen miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin lissafin da ba nasu ba. Bankin ya yi hasarar kimanin fam miliyan 330, shugabansa ya ajiye aiki, daga baya a 2022 hukuma ta ci shi tarar fiye da fam miliyan 48. Binciken da aka yi ya nuna ba a gwada manhajar yadda ya kamata ba kafin a ɗora mata kaya. Bankin da zai yi ƙaura a nan ya kamata ya yi ta rukuni-rukuni, tsohuwar manhaja tana nan a kunne har sai lissafin biyun ya zo daidai wa daida, kuma ya kauce wa ƙarshen wata, lokacin da ma'aikaci ke jiran albashi, da makon jajiberin Salla.

'Yan makaranta masu karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil sukan yi doguwar muhawara a kan wane harshen kwamfuta ya fi dacewa da aikin banki, wannan ya ce Java, wancan ya ce Python ko PHP. Muhawarar tana da daɗi, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Harshen COBOL, wanda aka ƙirƙiro a 1959, har yanzu shi ne ke riƙe da lissafin manyan bankuna da yawa a Amurka da Turai. Abin da ya kamata ɗalibi ya fara ƙwarewa a kai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, shi ne lissafi mai fuska biyu, wanda Luca Pacioli na Italiya ya bayyana a rubuce tun 1494: duk kwabon da ya fita daga wani asusu dole ya shiga wani, kuma ba a goge kuskure, sai dai a rubuta gyaransa a ƙarƙashi.

Daga nan sauran sharuɗɗan suke fitowa. Cire kuɗi daga asusun mai saye da zuba su a na mai kaya dole su zama aiki guda, ko dai su tabbata tare ko su warware tare, kuma rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da Oracle an gina su ne don su tabbatar da haka a cikin banki ɗaya. In kuɗin za su tsallaka zuwa wani banki, sai manhajar ta riƙa bin sawunsu da kanta, in ba su isa ba ta mayar da su, ba sai mai su ya je reshe ya cika takarda ba. Kowane turi kuma a ba shi lambarsa ta kansa, ta yadda in sabis ya yanke mutum ya sake dannawa sau uku don ɗoki, sau ɗaya za a cire masa. Har ila yau a riƙa ƙidaya kuɗi da kwabo cikakke, domin yadda kwamfuta ke lissafin ɗigo yakan bar ɗan ɓurɓushi, ɓurɓushin nan kuwa in ya taru a kan miliyoyin ciniki sai ya zama giɓi. Game da harshe, wanda ya fi shi ne wanda za a sami masu iya gyara shi a ƙasar nan bayan shekara goma, musamman ganin yadda ƙwararrun bankuna suka yi ta ficewa zuwa Ingila da Kanada a 'yan shekarun nan.

Hawa na sama shi ne inda aka fi raina mutanen kasuwa. Ana zana manhajar waya a ofis mai sanyi, a gwada ta da waya mai tsada, a cika ta da hotuna da tallace-tallace, sa'an nan a miƙa wa mutumin da ke cikin rumfar kwano da waya mai araha da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Manhajar da ta dace da shi ita ce mara nauyi, wadda ba ta shan data, kuma take faɗa masa gaskiya a fili: kuɗi sun tafi, ko ba su tafi ba, ko suna hanya. Kenya ta gane haka tun 2007, da kamfanin Safaricom ya ɗora M-Pesa a kan ƙaramar waya. Ita kuwa eNaira, wadda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2021 da fasahar kamfanin Bitt na Barbados, ba ta sami karɓuwa a hannun jama'a ba, duk da sabon salon gininta.

Saboda haka lambobin tauraro, watau USSD, ba abin yarwa ba ne, ko da yake tun 2025 daga katin waya ake cire naira 6.98 a kan kowace daƙiƙa 120. Rauninsu shi ne tsaro, domin saƙonsu ba a kulle yake tun daga waya har banki ba, kuma wanda ya sami layin mutum ya yi rabin tafiya zuwa asusunsa. A birnin da ya sha fama da ƙwacen waya, kowane banki ya kamata ya yayata hanyar da mutum zai rufe asusunsa ta wayar maƙwabcinsa cikin minti ɗaya, da Hausa, a rediyo.

Maganar harshe ma abar dubawa ce. Takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami don wanda bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa, amma yawancin manhajojin banki Turanci zalla suke yi. Nan ne 'yan damfara masu alat na ƙarya suke samun ƙofa, su nuna wa dattijo saƙon da suka ƙaga su tafi da kayansa. A Indiya 'yan tireda suna ajiye wata 'yar na'ura a kan teburi wadda ke faɗin adadin kuɗin da suka shigo da murya, cikin harshen mai kanti. Ba abin da zai hana a yi irinta da Hausa.

Sai kuma inda manyan kwamfutocin suke zaune. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da WACS da MainOne, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan wasu bankunan ƙasar nan suka tsaya. Abin mamaki ne a ce cinikin takalmi tsakanin mutum biyu da ke tsaye a rumfa ɗaya a Kano ya dogara da wata igiya a cikin teku kusa da Abijan. Bankin da ke da ɗimbin masu ajiya a Arewa ya kamata ya ajiye kwafin lissafinsa a cikin ƙasa, a wuri biyu masu nisa da juna, kuma ga cibiyar ajiye bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023.

Kano tana da wata bukata ta daban. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a watan Janairu na 2012 a Abuja da Kaduna da Kano, masu gudun kuɗin ruwa suka sami wurin zuwa. Manhajar da aka gina ta a kan lissafin ruwa ba ta zama ta murabaha don kawai an canja sunayen shafukanta. Dole ta iya rubuta cewa banki ya sayi kayan, ya mallake su, sa'an nan ya sayar da riba sananniya, ta kuma iya raba ribar mudaraba tsakanin masu ajiya. Malaman da ke ba irin waɗannan bankuna shawara ya kamata su nemi a nuna musu cikin manhajar, kada su tsaya ga takardar yarjejeniya kawai.

Ƙananan bankuna da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata kuwa, kada su yarda a ba wani ɗan uwa kwangilar rubuta musu uwar manhaja cikin wata uku don neman araha. Gara su yi hayar wadda aka riga aka gwada, irin BankOne da ƙananan bankuna da yawa ke aiki da ita, amma su sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan masu ajiya nasu ne, za a ba su a duk ranar da suka so tashi, kuma da naira za su biya.

Sauran aiki yana wuyan Babban Banki. A watan Yuni na 2020 ya ba da umarnin cewa kuɗin da suka maƙale a na'urar POS ko a shafin intanet a mayar da su cikin awa 72. Ga mai babban jari kwana uku ba komai ba ne, amma mai sayar da gwanjo da ke juya naira dubu hamsin kullum, kwana uku ba sari ke nan. Ya kamata Babban Banki ya riƙa buga wa jama'a, wata-wata, yawan turin da ya maƙale a kowane banki da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a mayar, a jaridu da rediyo, har da na Hausa. Kuma kafin ya amince wa kowane banki ya ɗora jama'a a kan sabuwar manhaja, ya sa a gwada ta da ƙaramar waya a cikin rumfunan Ƙofar Wambai, da nauyin ciniki irin na makon jajiberin Salla.