Yatsun Kafinta Ba Su Da Madadi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kujerun da muke zama a kai a ɗakin lacca hannu ne ya yi su, sau da yawa ma hannun yaro mai koyon kafinta. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana kan injina biyu masu fitar da ado a gefen katako: rauta, wadda ake riƙewa a hannu, da injin moldin da ke kafe a ƙasa.

Bakin rauta yakan juya fiye da sau 20,000 a minti guda. Duk da haka, a wasu shaguna akan cire marufin kariya don aiki ya yi sauri. Mu a ganinmu wannan ganganci ne.

Ƙa'idojin ba su da wuya. A zare waya kafin a canja baki, haka nan in an ɗauke wuta, domin ba ta sallama in za ta dawo. Katako ya tari juyawar baki. In ya bi ta, injin zai fizge shi har da hannu. A tura shi da sanda. A tuɓe babbar riga, a sa tabarau da takunkumi, gama tun 1995 masana suka sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Bakin da ya dakushe kuwa, a goge shi, a wasa shi.

Maigidan da ya koya wa yaro aikin katako bai koya masa tsare kai ba, rabin sana'a ya ba shi. Allah ya kiyaye.