Idan Babur Ya Yi Rawar Kai, Ba Laifin Zamanki Ba Ne

'Yar uwa, akwai wata magana da 'yan acaɓa suka mayar waƙa a bakinsu, ni kuwa ta ishe ni. Da zarar kan babur ya fara karkarwa sai ki ji an ce, "Hajiya ki gyara zama mana!" Wai mace ce ba ta iya zama ba.

Ran nan na hau daga kasuwar Samaru za ni Sabon Gari. Mun wuce Palladan ke nan yaron ya murɗa wuta, sai kan babur ya shiga kaɗawa hagu da dama kamar mazari. Da kyar muka tsaya kafin Kwangila. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne wai na motsa. Wallahi ko numfashin kirki ban yi ba.

Bari in gaya miki abin da ba sa faɗa. Dubi ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, ai ba a tsaye cak suke ba, a kishingiɗe aka ƙera su da gangan, don tayar ta riƙa miƙe kanta da kanta in ana gudu. To idan babur ya taɓa karo, ƙarafan suka lanƙwashe ko ƙashin bayansa ya karkace, aka kai wa mai walda ya buga da guduma ya shafe da fenti, wannan ma'aunin ya tafi. Tayar gaba da ta baya ba sa bin layi ɗaya. Haka nan in boris ɗin wuya ya ci, ko iskar taya ta yi ƙasa. A tafiyar sannu ba a ganewa, sai an ɗau gudu ciwon ke bayyana.

Sai kuma lodi. An ɗora ki, an ɗora goyonki, ga buhun masara an ɗaure a can ƙarshe. Nauyi ya koma baya, tayar gaba ta yi sakayau, ba ta kama kwalta sosai. Wa ya yi lodin, ke ko shi?

Ban ce zama ba shi da tasiri ba. Zaman gefe guda yana karkatar da nauyi, kuma bakin hijabi na iya shiga taya, don haka ki tattare shi. Amma lafiyayyen babur ba ya haukacewa don mace ta gyara mayafi.

Abin da ke kashe mu kunya ce. Muna jin yaro na gudu, mu yi gum don kada a ce mun cika tsoro. Wace kunya ce ta kai kwanciya a asibitin Shika da karaya, yara na gida ba mai dafa musu? Kafin ki hau, ki dubi babur ɗin ta gaba. In kin ga taya ta kalli gabas kai ya kalli arewa, ki bar shi ya wuce. In kin ji rawa, ki ce, "Malam, rage wuta a hankali ka sauke ni." Kuɗinki ne, ƙashinki ne.

Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.