Raddi Ga Masu Cewa Sai Haɗari Ya Ninka Kafin Kotu Ta Saurari Masani

Akwai wani ra'ayi da lauyoyin kamfanonin nukiliya a Amurka suka daɗe suna tallatawa, har wasu alƙalai suka karɓa. Cewa suke duk wanda ya kai ƙara kan cewa tururin nukiliya ne ya jawo masa ciwon daji, kada kotu ta saurari masanin da ya kawo sai in masanin ya nuna cewa abin da ya shiga jikin mutumin ya kai gwargwadon da ke ninka haɗarin kamuwa da cutar. Abin da ya gaza haka, in ji su, shaci-faɗi ne. Ra'ayin ya samu gindin zama a 1998 a shari'ar Hanford ta jihar Washinton, inda Alƙali Alan McDonald ya jingine shaidar masana 17, wasu gaba ɗaya wasu wani sashe, ya kori mafi yawan ƙararrakin. A Hanford aka sarrafa fulutoniyam ɗin bam ɗin Nagasaki. Daga 1944 bututun masana'antar ya yi ta fitar da aidin mai guba, ya sauka kan ciyawa, shanu da awaki su ci, yara su sha madara, ya taru musu a ƙwayar tayirod ta wuya, wadda kumburinta ne maƙoƙo.

Hujjarsu ta farko lissafi ce, kuma ita ce mafi ƙarfi. Suka ce a shari'ar diyya wajibi ne mai ƙara ya nuna da'awarsa ta rinjayi kishiyarta, wato ta haura kashi 50 cikin 100. In tururi bai ninka yawan masu cutar ba, to kowane majinyaci ya fi kusa da zama cikin waɗanda da ma za su kamu.

Mu gwada da misali. A ce garuruwa biyu ne masu jama'a daidai wa daida. A na farko mutum 100 suka kamu, a na biyu da hayaƙin ya bi ta kansa mutum 180. Ba mai hankalin da zai musa cewa an cuci mutum 80. Amma da yake 80 ba ta kai rabin 180 ba, ƙa'idarsu ta ce kowa ya tafi gida hannu rabbana, kuma ko masanin da zai bayyana wannan bambanci ba za a bari ya buɗe baki ba. Da adadin ya kai 201, sai a biya kowa, har da ɗarin da ba ruwansu da hayaƙi. Ma'aunin da ke zaluntar mai ƙara a nan, ya zalunci wanda ake ƙara a can, bai cancanci a mai da shi makullin ƙofar kotu ba.

Sannan lissafin na matsakaicin jama'a ne, alhali mutum guda ne ke tsaye gaban alƙali. Jaririyar da aka shayar da madarar akuyar gida a 1945 da dattijon da ya zo yankin da furfurarsa ba su ɗauki haɗari iri ɗaya ba. Bayan fashewar Carnobil ta 1986, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya sama da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar tayirod zuwa 2005 cikin waɗanda suke yara da matasa lokacin haɗarin, kuma madara ce babbar hanyar. Ga kuma abin da masanin ƙididdigar cututtuka Sander Greenland ya daɗe yana nanatawa: idan guba ta gaggauta cutar da za ta zo a shekara 70 ta kawo ta a shekara 45, jimillar masu cutar ba ta ƙaru sosai ba, amma an kwashe wa mutum shekara 25 na lafiya. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara ta soke hukuncin McDonald, ta ce ya cakuɗa tambayoyi biyu: shin wannan tururi yana iya haifar da cutar, da kuma shin shi ya haifar wa wane. Ta farko ba ta buƙatar ninki.

Suka ce ai Kotun Ƙoli ce da kanta ta naɗa alƙali mai tsaron ƙofa a shari'ar Daubert ta 1993. Haka ne. Sai dai abin da aka ɗora masa shi ne duba hanyar da masani ya bi: ana iya gwada ta, takwarorinsa sun tantance ta, an san yawan kuskurenta, masana sun yarda da ita? Hukuncin, wanda Mai Shari'a Blackmun ya rubuta, ya zo ne don sassauta tsohuwar ƙa'idar Frye ta 1923, kuma ya bar raunin shaida ga tambayoyin ƙwaƙƙwafi na lauyan ɗaya ɓangaren. Ban musanta cewa akwai shaidar da ta cancanci kora ba. A shari'ar Three Mile Island, tashar Fensilbaniya da ta yi haɗari a Maris 1979, Alƙaliya Sylvia Rambo ta kori yawancin masanan masu ƙara kimanin 2,000, kotun sama ta goyi bayanta kan galibinsu a 1999. Kotu ba ta hukunci da “ruwa ba ya tsami banza”. Amma korar masani don hanyarsa gurguwa ce daban, korarsa don sakamakonsa bai kai wata lamba ba daban.

Suka ce kimiyya ba ta tabbatar da illa a ƙaramin adadi ba, suka kafa hujja da binciken tayirod na Hanford da aka kammala a 2002 kan mutum 3,440, wanda bai ga cutar na ƙaruwa da ƙaruwar adadin aidin ba. Binciken na gaske ne, ya dace a gabatar da shi. Sai dai kwamitin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa da ya duba daftarinsa ya ce an kambama ƙarfin sakamakon, domin adadin da kowa ya sha kintace ne daga abin da iyaye suka tuna bayan rabin ƙarni. Ita dai wannan kwaleja, a rahotonta na BEIR VII na 2006, wanda ya jingina ƙwarai kan bibiyar mutum kusan 120,000 a Hiroshima da Nagasaki, ta tsaya kan cewa haɗari na tafiya ne da gwargwadon tururi, ba tare da wata iyakar da ƙasa da ita babu komai ba. Wannan bai tabbatar da ƙarar kowa ba, amma ya isa ya hana a kira mai faɗinsa ɗan bogi.

Batun cewa masanan masu ƙara ’yan haya ne ba zai tsayar da mu ba. Kowane ɓangare biyan nasa yake. A shekarun 1920, lokacin da haɓoɓin ’yan matan da ke shafa fentin radiyam a agoguna a Niyu Jasi suke ruɓewa, masanin da ke aiki da kamfanin ne, Frederick Flinn, ya duba su ya ce lafiyarsu ƙalau, shi ko likita ba ne. Likitan gwamnatin yanki, Harrison Martland, shi ya gano radiyam a ƙasusuwansu.

Inda ra'ayin ya fi ba ni mamaki shi ne cewa mai ƙara ya kawo ainihin adadin da ya shiga jikinsa. Wa ke riƙe da mudun? A Disamba 1949 da gangan aka saki aidin a Hanford a wani gwajin sirri, mutanen yankin ba su sani ba sai 1986, da aka tilasta wa Ma'aikatar Makamashi fitar da takardu shafi 19,000. Wanda ya ɓoye mudu shekara kusan 40 ba shi da bakin cewa ba a auna ba. Alƙali Bruce Jenkins na Yuta ya gane haka a 1984, a ƙarar waɗanda iska ta kai wa ƙurar gwajin bam na Nebada: ya ce in gwamnati ta yi sakacin gargaɗi da aune-aune, kuma cutar ta dace da irin tururin, sai nauyin wanke kai ya koma kanta. An soke hukuncinsa a 1987, amma kan kariyar da gwamnati ke da ita daga ƙara, ba kan kimiyya ba. Majalisa ta bi baya a 1990 da dokar da ta tanadi biyan dala 50,000 ga mazaunin yankin da ya kamu da ɗaya daga cututtukan da aka lissafa, ba tare da an tambaye shi adadi ba. Mutanen Arlit da Akokan a Nijar sun san wannan matsala: a can baya asibitocin garuruwan na kamfanonin uraniyam ne, sai da ƙungiyoyin waje, CRIIRAD a 2003 da Greenpeace a 2009, suka zo da nasu awon.

Saura fargabarsu cewa ’yan juri, wato mutanen gari da ke taya alƙali yanke hukunci, da yake ba masana ba ne, tausayi zai kwashe su. An gwada. A 2005, bayan an buɗe wa masanan ɓangarorin biyu ƙofa, aka gabatar da mutum shida na Hanford a matsayin zakaran gwajin dafi, kamfanonin DuPont da General Electric na kare kansu. Juri ya ba wa biyu masu sankarar tayirod gaskiya, diyyarsu a haɗe ta ɗan haura dala rabin miliyan, ya kayar da uku, ya kasa cimma matsaya kan ɗaya. Sauran ƙararrakin sai a 2015 aka rufe su da sulhu, shekara 24 bayan shigar da su, da yawa daga masu ƙarar magadansu ne suka sa hannu.