Zuwa ga wanzaman Wagini: a tambayi sukari kafin a zare aska

Sarkin Aska da sauran wanzaman Wagini, har da na Batsari da Safana.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ku kafa wa babba ƙaho, ko ku yi masa tsaga ko sakiya, ku tambaye shi ko yana da ciwon sukari. In ya ce e, aska ta koma zabira. Dalilin yana cikin jini. Fararen ƙwayoyin jini su ne ke garzayawa duk inda fata ta buɗe, su haɗiye ƙwayoyin cuta. In sukari ya daɗe a sama, sai tafiyarsu ta yi nauyi, ƙarfinsu ya ragu, ga jini ba ya isa ƙafa sosai, ga jijiyoyi sun mutu har mutum ya daina jin zafi. Tsagar da za ta kame cikin mako sai ta zama gyambo, gyambon kuwa yakan kai ga yanke ƙafa. Raunin fararen ƙwayoyin bai tsaya a fata ba: wani nazari na 2008 da ya tattara bincike 13 ya gano mai ciwon sukari ya fi waninsa haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan ninki 3.

Wani zai ce ai an auna shi a asibiti, an ce fararen ƙwayoyin jininsa sun cika. To, takardar yawansu ta ƙirga, daga 4,000 zuwa 11,000 a ɗan ɗigon awo, ba ƙwazonsu ba. Suna iya cika cif alhali aikinsu ya yi sanyi. Wani kuma zai ce tun kakanni ake ƙaho. Gaskiya ne, amma ciwon ya yawaita, kuma alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya na 2021 sun nuna fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Shi ya sa tambaya kaɗai ba ta wadatar ba. Ku lura da mai yawan fitsarin dare, da ƙishirwa, da rama, da maruru mai tafiya yana dawowa.

Na san hanya ta yi wuya a wannan gefe na dajin Rugu, don haka ku ne mara lafiya ke fara samu, kuma maganarku yake ji. Ku tura mai waɗannan alamomin a soki yatsarsa a auna sukari da safe kafin ya ci komai. In awo ya kai 126, ya nufi Babban Asibitin Batsari a sake tabbatarwa. In kuwa da gyambo a ƙafa, a tafi ranar, kada a jira kasuwa ta zagayo.

Allah Ya ƙara wa sana'a albarka.