Tom Ya Faɗa Ruwa Ya Fito, Ɗanki Fa?

Batunmu na yau na kyanwa ne da ɓera. In kin taɓa miƙa wa yaro waya don ki samu ki kwashe tuwo, ai kin san su: Tom da Jerry. Daga Yelwa har Wara da Shanga, da wuya ki aika da memori shagon masu tura fina-finai ki ce a sa na yara, a dawo miki da shi babu su. Mun saki jiki da su saboda muna ganin babu rawa, babu soyayya, babu zagi, kusan ma ba a magana a ciki. Yaro ya yi shiru, ke kin samu sararin aiki. To amma akwai abin da ya kamata ki sani game da wannan katun, musamman ke da gidanki ke kusa da ruwa.

Tom da Jerry sun girmi kakannin yaranmu da yawa. A 1940 wasu Amurkawa biyu, William Hanna da Joseph Barbera, suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM. Zuwa 1958 sun yi gajerun fina-finai 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Kusan kowanne bai fi minti bakwai ko takwas ba, kuma a gidan silima ake haska shi kafin babban fim, gaban 'yan kallo da suka haɗa da magidanta. Shi ya sa za ki ga bindiga da gatari da nakiya, har da Tom yana busa sigari. A 2006 an kai ƙorafin wannan shan tabar ga hukumar da ke sa ido kan talabijin a Birtaniya, masu tashar Boomerang suka amince su yanke irin waɗannan wurare. Wanda mai shago ya tura miki, ba lallai ba ne an yanke masa komai.

Dokar wannan katun guda ɗaya ce: babu abin da ke kisa. A danne Tom da ƙofa ya zama kamar faifai, ya girgije ya miƙe. Ya faɗo daga bene, ya ci gaba da gudu. Ya nutse, ya taso yana feso ruwa ta baki. Babba yana dariya domin ya san zane ne. Ɗan shekara uku ko huɗu bai gama rarrabe abin da ke yiwuwa da wanda ba ya yiwuwa ba, kuma yaro ɗan kwaikwayo ne. A 1961 wani malamin jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya sa ƙananan yara suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana. Da aka bar su da ita, da yawansu suka dake ta yadda suka ga an yi. Bayan shekara biyu ya maimaita gwajin da fim, yaran suka sake kwaikwayo.

A wani garin, abin da kwaikwayon zai jawo bai wuce ƙulu a goshi ba. Mu namu daban ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafki ya malale, garuruwan Yauri da Ngaski da yawa suna bakin ruwa. Can ake wanki, can ake wanka, ta can ake zuwa kasuwa. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa mutane masu yawa, har da mata da yara. Allah Ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci. Kuma ki riƙe wannan: a fim mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu, amma yaro na gaske yakan tafi ƙasa shiru, cikin ɗan lokacin da za ki juya ki matse zane.

Yara maza da suka tasa su ma suna da nasu jaruman masu tsalle daga sama su faɗa ruwa. Ki ba su labarin Tarzan na 1932. Wanda ya fito a matsayinsa, Johnny Weissmuller, kafin ya shiga fim sai da ya ci zinare biyar a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1924 da 1928. Shekaru ya yi yana horo kafin kowa ya gan shi a majigi. Haka gwanayen da muke tafa wa a bikin Rigata, a gaban manya suka koya, sannu a hankali.

Su kansu Amurkawan sun gane matsalar. Fred Rogers, wanda ya yi shirin yara a talabijin, ya damu da yadda yara ke ji wa kansu ciwo wajen kwaikwayon jaruman fim. A 1980 ya ɗauki masu kallonsa zuwa inda ake shirya The Incredible Hulk, ya nuna musu yadda ake shafa wa ɗan wasan koren fenti. Yara suka ga ashe dodon mutum ne kamar babansu.

Ke ma za ki iya yin haka a tsakar gidanki, ba sai kin ƙwace waya ba. Ki zauna da shi ku kalli guda ɗaya tare. In Tom ya faɗa ruwa, ki tsayar ki tambaye shi: "In kai ne ka faɗa fa, me zai faru?" Ki saurari amsarsa, za ki ji inda tunaninsa yake. Ki ɗauko biro ki zana kyanwa a takarda, ki tsoma ta a kwano, ki ce masa irin wannan ne Tom, ba shi da numfashi balle ya shaƙe. Ki riƙa duba abin da aka turo kafin waya ta kai hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Sannan ki kafa dokar bakin ruwa wadda ba ta da rangwame. Ƙaramin yaro ba ya zuwa sai da babba wanda idonsa ke kansa, kuma yayarsa 'yar shekara bakwai ba babba ba ce. In za ku shiga kwale-kwale, ki nemi rigar kariya ko da za a ce kin cika tsoro, in kuma kin ga an yi lodi ya wuce kima ki jira na gaba. Ko a gida, ki rufe rijiya, ki kife baho da bokiti bayan wanki. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma iyayen da ke Yauri da kewaye, wace dabara kuke bi wajen hana yara zuwa gulbi su kaɗai? Ku gaya mana, wata za ta ƙaru. Allah Ya raya mana su, Ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa.