Zafin Rana Ya Zama Haɗarin Aiki, Dokar Najeriya Tana Nan a 1987

Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a watan Afrilun 2024 ya ƙiyasta cewa ma'aikata biliyan 2.4 ne ke aiki cikin matsanancin zafi, kuma kusan 19,000 ke rasa rayukansu duk shekara a sanadiyyarsa. Illar ba ta tsaya ga jiri da suma ba. Yawan gumi da ƙarancin ruwa a jiki kullum suna cin ƙoda a hankali, kamar yadda likitoci suka gani a tsakanin masu saran rake a Nikaraguwa.

Ƙasar Katar, wadda ta sha suka kan mutuwar leburori baƙi, ta sauya ƙa'idarta a 2021. Ta haramta aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ta kuma wajabta dakatar da aiki idan ma'aunin da ke haɗa zafi da laima da iska ya haura 32.1.

A Najeriya kuwa, madogarar har yanzu Dokar Masana'antu ce ta 1987, wadda ta ta'allaƙa ga masana'antu masu rajista. Birkila a Sakkwato da ɗan dako a kasuwar Singa, waɗanda ke shan ranar Afrilu mai wuce digiri 40, ba sa cikin inuwarta. Gwamnati ta amince da Yarjejeniyar ILO mai lamba 187 a 2022, sai dai sa hannu a Janeba bai tilasta wa ɗan kwangila ya tanadi ruwa da rumfa da lokacin hutu ba.