"Da Sauƙi": Dauriya da Kalmomin Ciwo a Ɗakin Gashin Cutar Daji

A asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato, inda masu cutar daji ke zuwa daga sassan Arewa, sunan da ya zauna a bakin jama'a ga maganin da na'ura ke yi da haske mai ƙarfi shi ne "gashi". Bahaushe kuwa ya san gashi da wuta ko ruwan zafi, irin na mai jego ko mai targaɗe. Saboda haka majinyaci kan shiga ɗakin na'urar yana jiran ƙuna, ya fito bai ji komai ba. Sai a mako na biyu ko na uku wahalar ke sallama: fata ta yi duhu ta fara saɓa, bakin wanda ake gasa wa wuya ya bushe ya yi miki, wadda ake gasa wa mara ta kamu da gudawa, ga kasalar da barci ba ya korewa.

A nan tarbiyya ke shiga tsakani. An raini Bahaushe bisa cewa raki abin kunya ne. Matar da ke fama da sankarar bakin mahaifa, idan likita namiji ya ce mata "Yaya jiki?", amsarta "Da sauƙi" ce, ko da fitsari na yi mata zafi kamar barkono. Wannan amsar gaisuwa ce, kuma likitan da ya rubuta ta a matsayin rahoto ya yi kuskuren fassara, ko da shi ma Bahaushe ne. Sai a sallame ta ba maganin ciwo, alhali tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan rage raɗaɗin daji, daga farasitamol har zuwa mofin. A gida ta bi ma'anar kalmar, ta gasa wurin da ruwan zafi, fatar ta ƙara lalacewa. Ko kuma ta daina zuwa. Maganin na kwana biyar ne a mako har tsawon makonni, kuma yawan fashi na ba cutar damar farfaɗowa.

Abin takaicin, Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin ciwo: zogi daban, raɗaɗi daban, haka suka, ƙuna, ƙaiƙayi da tsamin jiki. Ma'aunin asibiti na sifili zuwa goma bai san da su ba. Ya kamata masana harshe su zauna da ma'aikatan jinya su tantance waɗannan kalmomi, karin harshe bayan karin harshe, su tsara tambayoyin da "da sauƙi" ba ta iya amsawa: "Baba, zogi ne ko raɗaɗi? Ya hana ki barci jiya? A zaune kika yi sallar Asuba?"